Arduino: Allon da Ya Sauƙaƙa Haɗa Na'urorin Lantarki a Gida

Arduino suna ne na wani ƙaramin allon lantarki da bai kai faɗin tafin hannu ba, tare da manhajar da ake rubuta masa umarni da ita a kwamfuta. Mafi shahara a cikin ire-irensa, wato Arduino Uno, tsawonsa bai cika santimita 7 ba, faɗinsa kuwa ya ɗan haura santimita 5. Ɗalibai da masu gyaran rediyo da masu sha'awar ƙere-ƙere a sassan duniya suna amfani da shi wajen haɗa na'urorin da ke auna wani abu, su yanke hukunci, su kuma aikata: fitilar da ke kunna kanta idan duhu ya yi, ko ƙararrawar da ke kaɗawa idan an taɓa ƙofa, ko akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da ke daidaita ɗuminsa da kansa.

Tun kafin zuwansa akwai masu wannan sha'awa. A Amurka kamfanin Heathkit ya fara sayar da kayan lantarki a warwatse tun 1947, mutum ya saya ya haɗa a gida. A 1972 kuma aka fitar da ai-sin nan mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics, wanda har gobe ake samun sa a akwatin masu gyara. Sai dai a irin waɗancan haɗe-haɗe, wayoyin da kayan da aka liƙa su ne ke ƙayyade aikin na'ura. Wanda ya so ta sauya hali dole ya narke liƙi ya sake sabon haɗi. Allo irin Arduino ya mayar da mafi yawan wannan wahala zuwa rubutu, ta yadda gyara layi biyu ko uku na umarni kan wadatar.

Ƙwaƙwalwar da ke kan allon

Baƙin ai-si mai ƙafafu 28 da ke kan Uno shi ne tushen komai. Masana na kiran irinsa maikurokwantirola, ma'ana 'yar ƙaramar kwamfuta da aka dunƙule a guntu ɗaya, da sashen lissafinta da ma'ajiyarta da ƙofofin da take hulɗa da waje. Injiniyoyin Texas Instruments, Gary Boone da Michael Cochran, ake danganta wa ƙirƙirar na farko a 1971, kuma kamfanin ya fitar da samfurin TMS1000 kasuwa a 1974. A yau da wuya a sami gidan da babu irinsa, domin yana cikin rimot da inbata da mitar wuta ta kati da injin wanki.

Wanda ke kan Uno ana kiran sa ATmega328P. Ya fito ne daga zuriyar AVR, wadda wasu ɗalibai biyu a birnin Trondheim na ƙasar Norwe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara, kamfanin Atmel ya shiga ƙerawa a shekarun 1990, kafin kamfanin Microchip ya saye Atmel a 2016. Agogon cikinsa na bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Ma'ajiyar umarninsa kilobayit 32 ce kacal, ta aikin wucin gadi kilobayit 2, sai wata ta kilobayit 1 da ke riƙe bayani ko an ɗauke wuta. Hoto guda da aka ɗauka da wayar hannu ta zamani kan kusa ninka babbar ma'ajiyar sau ɗari. Duk da haka ta ishi aikin da aka yi ta dominsa, tunda kunna famfo ko karanta zafin ɗaki ba ya bukatar dogon lissafi.

Allon na da ƙofofi 14 da suka san hali biyu kawai, akwai wuta ko babu, wato bolt 5 ko sifiri. Akwai wasu shida da ke auna abin da ke tsakani, suna mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Kowane mataki ɗaya na nufin kusan kashi 5 cikin 1,000 na bolt. Ta waɗannan ƙofofi shida ne allon ke sanin ƙarfin hasken rana ko damshin ƙasa ko yawan cajin da ya rage a batir.

Rubutun umarnin da harshen C++ ake yin sa, amma an sauƙaƙa shi. Kowane shiri kashi biyu ne. Na farko, mai suna setup, sau ɗaya yake gudana idan an ba allon wuta, a nan ake faɗa masa wace ƙofa ce ta shiga, wace ce ta fita. Na biyu, loop, maimaita kansa yake yi ba tsayawa har sai wuta ta yanke. Ana tura shirin ta igiyar USB, kuma da zarar ya shiga, allon ba ya sake bukatar kwamfuta.

Asalinsa da taƙaddamar da ta biyo baya

An haifi Arduino a 2005 a Ivrea, wani gari a arewacin Italiya da ya yi suna da kamfanin keken rubutu na Olivetti. A wancan lokacin a garin akwai wata cibiyar koyar da zayyana wadda ɗalibanta masu zane ne da tsara kaya, ba su da horon injiniya, ga shi allunan da ake koyar da su da su na da tsada. Mutum biyar ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa shi: Massimo Banzi da David Cuartielles da Tom Igoe da Gianluca Martino da David Mellis. Sunan kuwa daga wata mashaya suka aro shi da suke haɗuwa a garin, ita ma ta ci sunan Arduino na Ivrea, wanda aka naɗa sarkin Italiya a shekarar 1002.

Akwai suna na shida da labarin ya daɗe yana tsallakewa. Hernando Barragán, ɗalibi ɗan ƙasar Kolambiya a wannan cibiya, shi ya ƙirƙiri wani tsari mai suna Wiring a matsayin aikin digirinsa na biyu da ya kammala a 2004, a ƙarƙashin kulawar Banzi da Casey Reas. Wiring ɗin ma ya ginu ne a kan manhajar Processing da Reas da Ben Fry suka fara a 2001. Yawancin kalmomin umarnin da masu Arduino ke rubutawa a yau daga aikin Barragán suka samo asali. Abin da ayarin Ivrea ya yi shi ne ɗaukar tsarin ya dasa shi a kan ai-si mafi araha, ATmega8, ba tare da an gayyaci mai shi ba. A 2016 Barragán ya wallafa nasa bayanin yadda abin ya faru. Rage farashi da yaɗa allon a duniya aiki ne babba, amma duk wanda ya karanta tarihin da idon basira zai ga cewa an tauye wa ɗalibin haƙƙinsa na ambato tsawon shekaru.

Su kansu biyar ɗin ba su tsira daga rigima ba. Kamfanin Martino, wanda ke ƙera allunan, ya yi rajistar sunan a Italiya, lamarin da ya kai su kotu a 2015, aka wayi gari da kamfanoni biyu kowanne na kiran kansa Arduino. Ɓangaren Banzi ya koma sayar da allunansa da sunan Genuino a wajen Amurka, har aka sanar da sulhu a watan Oktoban 2016. A watan Oktoban 2025 kamfanin Qualcomm na Amurka ya sanar da shirin sayen Arduino baki ɗaya.

Abin da ya fi shafar mai saye a Nijeriya shi ne shawarar da suka yanke tun farko ta sakin zanen allon ga kowa. Doka ta halatta wa duk mai so ya kwaikwaya ya sayar, muddin bai liƙa sunan da tambarin ba. Saboda haka akasarin allunan da ke yawo a kasuwa na kamfanonin Sin ne, kuma sun fi na asali araha nesa ba kusa ba. Da yawansu na ɗauke da ai-sin CH340 a matsayin mai haɗa su da USB, wanda wasu kwamfutoci ba sa gane shi sai an saka masa 'yar manhajarsa. Sabon shiga kan ɗauka an sayar masa da mataccen allo, alhali wannan ce kawai matsalar.

Daga kunna ƙwai zuwa tankin ruwa

Darasin farko a ko'ina shi ne sa ƙwan LED ya riƙa ƙiftawa. A nan ne ake fara cin karo da dokar Ohm. Jan ƙwai na cin kimanin bolt 2, ƙofar allon na ba da 5, saura 3 ke nan da dole wani abu ya shanye. Idan aka sa resista mai om 220, wutar da za ta bi ta kai kusan miliamfiya 14, wadda ƙwan da ƙofar duk za su iya ɗauka. Ƙofa guda ba a so ta wuce miliamfiya 20, kuma 40 ce iyakar da ake gargaɗin kada a kai. Wanda ya jona mota, ko da ta abin wasan yara ce, kai tsaye ga ƙofar, zai iya ƙona ta. Duk abu mai cin wuta da yawa sai an bi da shi ta taransista ko rile, allon ya ba da umarni, wutar ta fito daga wani wuri.

Aikin da ya fi nuna yadda abubuwa ke cuɗanya shi ne na'urar lura da tankin ruwa. Ana kafa sensa samfurin HC-SR04 a murfin tanki. Tana aika sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, ta jira amsa-kuwwarsa daga saman ruwa. Allon na auna lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa, ya raba da 58, ya sami tazarar a santimita. Wannan lamba ta 58 an ɗora ta ne bisa gudun sauti a yanayi mai zafin digiri 20, wato kimanin mita 343 a daƙiƙa. A cikin baƙin tankin roba da rana ta dake shi a watan Afrilu, inda iska ke haura digiri 40, sauti na gudun kusan mita 355, awon ya kauce da fiye da kashi 3 cikin 100. Ga tanki wannan ba wani abu ba ne, amma darasi ne cewa shirin da aka kwafo daga intanet yana ɗauke da yanayin ƙasar wanda ya rubuta shi. Gumin cikin tanki ma na lalata wannan sensa, shi ya sa ake da wani samfurin da ruwa ba ya shiga.

Sai batun yanke hukunci. Idan aka ce famfo ya tashi da zarar ruwa ya sauka ƙasa da wani layi, ya tsaya da ya haura shi, to zai riƙa tashi yana mutuwa duk lokacin da ruwa ya motsa, har injin ya gaji. Maganin shi ne layi biyu masu tazara, a kunna idan ruwa ya koma kashi 30, a kashe sai ya kai 90. Injin famfo kuma na jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, saboda haka ƙaramin rile ba ya jurewa, sai dai ya riƙa tayar da babban makunni irin na masu aikin wuta. A gaskiya, idan cika tanki ne kawai bukata, makunnin nan mai yawo a saman ruwa da ake sayarwa a shagon kayan famfo ya fi sauƙi da araha. Allon na nuna amfaninsa ne idan ana son ƙari, kamar nuna yawan ruwa a fuska, ko hana famfo aiki idan rijiya ta ƙafe, ko aika saƙo zuwa waya.

Akwai tarkuna biyu da kan kama na'urar da aka bari tana aiki dare da rana. Agogon cikin allon da ke ƙirga lokaci yakan cika ya koma sifiri bayan kwana 49 da kimanin sa'o'i 17, don haka shirin da ba a rubuta da wannan a zuciya ba zai yi aiki lafiya wata guda da rabi sannan ya rikice. Na biyu ya shafi ɗauke wuta. Duk abin da ke ma'ajiyar wucin gadi yakan ɓace, sai mai shiri ya ga dabara ce ya riƙa adana bayani a ma'ajiyar dindindin kowace daƙiƙa. Masu ƙera ta sun ba da tabbacin rubutu sau 100,000 ne a kowane gurbi, adadin da a wannan sauri zai ƙare cikin sa'o'i 28.

Sauran alluna

A 2014 kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da ESP8266, sannan ESP32 a 2016, masu ɗauke da Wi-Fi a farashi mai rahusa, kuma ana rubuta musu umarni da manhajar Arduino. Da bolt 3.3 suke aiki, ba su jure 5 a ƙofofinsu. Raspberry Pi da aka fitar a Birtaniya a 2012 cikakkiyar kwamfuta ce, amma a watan Janairun 2021 masu shi sun fitar da Pico a kan dala 4, wanda ake iya sarrafawa da MicroPython. A inda babu Wi-Fi, kamar gona, ana amfani da guntu mai ɗaukar layin waya irin SIM800L. Wannan kan zabura ya ja har amfiya 2 yayin neman sabis, abin da allon ba zai iya ba shi ba, kuma layin da za a saka masa sai an yi masa rajista da lambar NIN kamar kowane layi a Nijeriya.

Ƙera allon kai

Ana fara kowane haɗi a farin allon gwaji mai ramuka, inda ake cusa wayoyi ba tare da liƙi ba. Ba a yi shi don zama ba, ƙura da jijjiga kan sassauta wayoyin. Idan haɗi ya tabbata sai a mayar da shi kan allon dindindin, wanda masu gyara ke kira fanel. Paul Eisler, injiniya ɗan Ostiriya da ya yi hijira zuwa Ingila, shi ya fara amfani da irinsa a cikin rediyo a 1936. Allo ne na zaren gilashi da aka daskarar, kaurinsa yawanci milimita 1.6, an shafe fuskarsa da jan ƙarfe siriri ƙwarai. Aikin duka shi ne cire jan ƙarfen da ba a so, a bar hanyoyin da wuta za ta bi.

Ana zana hanyoyin da manhaja irin KiCad, wadda kyauta ce, kuma Jean-Pierre Charras ya fara ta a Faransa a 1992. Mai yi a gida yakan buga zanen da firinta mai garin tawada a kan takarda mai sheƙi, ya kifa ta a kan jan ƙarfen, ya danne da dutsen guga mai zafi har tawadar ta koma jikin allon. Daga nan ya jiƙa takardar ya murje ta, ya tsoma allon a ruwan sinadarin ferik kulorayid, wanda ke cinye duk inda tawada ba ta rufe ba. Sai wanki, da huda ramuka da tsinken da bai wuce milimita 1 ba. Kuskuren da kusan kowa ke yi sau ɗaya shi ne kifa zanen ta fuskar da ba ita ba, ƙafafun ai-si su fito a juye, allon ya tashi a banza. Ruwan sinadarin yana ɓata tufafi, yana cin ƙarfe, kuma bayan amfani yana cike da narkakken jan ƙarfe, bai kamata a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya ba.

Hanya ta biyu ita ce tura fayil ɗin zanen ga masana'antu, akasari a Shenzhen ta ƙasar Sin, su ƙera guda biyar masu fuska biyu a kan 'yan daloli kaɗan. Kuɗin kawowa kan fi na allunan, ga kuma jiran makonni, don haka kuskure ɗaya a zane na nufin sabon biya da sabon jira. Masu ƙwarewa kan buga zanen a takarda da ainihin girmansa, su ɗora kayan a kai su ga ko ƙafafu sun dace da ramuka kafin su tura. Ba sa kuma manta 'yar kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafar wutar kowane ai-si, domin rashinta na daga cikin abubuwan da ke sa allo ya riƙa sake tashi ba dalili.

Haɗurra

Bolt 5 na allon ba ya cutarwa, amma wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana kuma kisa. Duk haɗin da ya taɓa ta bai kamata a yi shi a allon gwaji ba, a rufe shi a akwatin roba da fis, kuma mai aikin wuta ya duba. Manyan kafasitocin cikin inbata da talabijin na riƙe caji bayan an zare su daga soket. Batiran lithiyom samfurin 18650, da ake yawan ciro su daga tsofaffin batiran laftof, ba a cajin su fiye da bolt 4.2, kuma wanda ya kumbura ko ya lotsa na iya kamawa da wuta. Batirin sola mai bolt 12 yakan haura 14 lokacin caji, abin da ke sa mai daidaita wutar allon ya yi zafi sosai, gara a rage wutar da irin na'urar da ke cikin cajar mota. A lokacin hunturu kuwa, busasshiyar iska na tara wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufafi, wadda ke iya kashe ai-si ba tare da wata alama ba, shi ya sa ake taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki allo.

Wayar liƙin da aka fi sani gaurayen kuza ce da dalma, kashi 63 da 37, tana narkewa a digiri 183. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki tun 2006, amma har yanzu ana sayar da mai dalmar ko'ina saboda ta fi sauƙin aiki. Hayaƙin da ke tashi yawanci na ƙaron da ke cikin wayar ne, yana kuma damun huhu, don haka ana liƙi ne a inda iska ke shiga. Ita dalmar ta hannu take bi zuwa baki. Nijeriya ta ga abin da gubarta ke yi wa yara a 2010 a Jihar Zamfara, inda ƙurar duwatsun zinare ta hallaka ɗaruruwansu. Abin da ke teburin mai liƙi bai kama ƙafar wancan ba, sai dai jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin shanye ta. Ana wanke hannu da sabulu bayan aiki, ba a cin abinci a teburin, ba a riƙe wayar liƙi da haƙori, kuma a share ɓurɓushin da ya zuba ƙasa kafin mai rarrafe ya iso wurin.